Kwana 3,188 na Shinzo Abe: me ya yi da su?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. A zamanmu na makon jiya an ambaci Shinzo Abe har sau uku a matsayin misalin shugaban da ya daidaita ƙasarsa, kuma ban ga wanda ya tanka ba. Ni dai ban gamsu ba, shi ya sa nake roƙon a ware masa zama na kansa. Tsawon mulkinsa ba abin gardama ba ne. Ya hau kujerar firaministan Japan a Satumban 2006 yana da shekara 52, ya sauka bayan shekara guda saboda ciwon hanji da kuma kayen da jam'iyyarsa ta LDP ta sha a zaɓen majalisar dattawa, sannan ya dawo a Disamban 2012 ya zauna daram har Satumban 2020. Jimillar kwanakin 3,188 ne, kuma a tarihin ƙasar babu firaministan da ya kai haka. A ƙarƙashinsa jam'iyyar ta ci zaɓen ƙasa shida a jere. Abin da nake so mu duba shi ne abin da ya yi da wannan dama. A ranar 28 ga Agustan 2020, da yake sanar da murabus ɗinsa, shi da bakinsa ya lissafa abubuwa uku da ke ci masa rai: bai gyara kundin tsarin mulki ba, bai ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Rasha ba, bai kuma dawo da Japanawan da Koriya ta Arewa ta sace ba. Ni zan ƙara na huɗu, wato hauhawar farashi ta kashi 2 cikin ɗari da aka yi alkawarinta tun 2013. Idan mutum ya fi kowa daɗewa amma manyan buƙatunsa huɗu suka kuɓuce masa, da wace hujja za mu sa shi a sahun gaba?

Dakta Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam. Tun da ka taɓo farashi, bari in fara daga nan. Mu da muka tashi cikin tsadar kaya yana mana wuya mu yarda cewa faɗuwar farashi ma cuta ce, amma ita ce ta addabi Japan tun ƙarshen shekarun 1990. Idan magidanci ya san abin da yake so zai fi araha baɗi, sai ya jinkirta saye, kamfani ya rasa ciniki, ya ƙi ƙara albashi, ya ƙi faɗaɗa masana'anta, sai kowa ya ƙanƙame abin hannunsa. Abe ya zo da abin da ya kira kibau uku: babban banki ya kwararo kuɗi, gwamnati ta kashe kuɗi, sannan a gyara dokokin kasuwanci da na ƙwadago. Kibiyar farko ce aka harba da ƙarfi. A Maris ɗin 2013 ya naɗa Haruhiko Kuroda gwamnan babban banki, shi kuma a watan Afrilu ya ce cikin shekara biyu zai kai hauhawar farashi kashi 2. Bankin ya shiga sayen takardun bashin gwamnati, har daga Oktoban 2014 ya ɗaga ma'aunin zuwa yen tiriliyan 80 a shekara, a Janairun 2016 kuma ya sauke kuɗin ruwa zuwa ƙasa da sifili.

Sakamakon farko ya burge kowa. Dala ɗaya da ake saye a kan kimanin yen 80 a 2012 ta haura yen 120 a 2015, masu fitar da motoci da injuna suka kwashi riba, ma'aunin kasuwar hannun jari na Nikkei ya tashi daga wajen 10,000 ya haye 20,000. Rashin aikin yi ya sauka daga sama da kashi 4 zuwa ƙasa da kashi 2 da rabi. Baƙin da ke zuwa yawon buɗe ido sun tashi daga miliyan 8 da ɗoriya a 2012 zuwa kusan miliyan 32 a 2019. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma duk wanda ya share su bai yi adalci ba.

Inda nake tare da kai shi ne ribar ba ta gangaro cikin aljihun ma'aikaci ba. Ajiyar ribar kamfanoni ta tashi daga kimanin yen tiriliyan 300 zuwa sama da tiriliyan 470, an rage musu haraji zuwa ƙasa da kashi 30, amma albashi, idan aka cire tsadar kaya, ya tsaya cik. Kuroda ya ɗage wa'adin kaiwa kashi 2 ɗin sau shida, a 2018 ya daina ambaton wa'adi gaba ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda gwamnatin ta yi tufka da warwara, domin tana tsakiyar roƙon jama'a su kashe kuɗi ta ɗaga harajin sayayya daga kashi 5 zuwa 8 a Afrilun 2014, ciniki ya durƙushe, sannan bayan ɗagewa sau biyu ta kai shi kashi 10 a Oktoban 2019.

Malam Issufu:
Dakta, a gafarce ni, ina da tambayar ɗan koyo. A nan yankinmu idan gwamnati ta matsa wa babban banki ya buga kuɗi, kafin a ce kwabo farashin buhun gero ya ninka. Ta yaya Japan ta buga wannan maƙudan kuɗi, bashin gwamnatinta ya haura ninki biyu na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, amma har tana neman tsada ba ta samu ba?

Dakta Rabi:
Tambayar tana kan hanya, Malam Issufu. Kusan kashi 90 na bashin gwamnatin Japan 'yan ƙasa ne ke bin ta, wato bankuna da kamfanonin inshora da asusun fansho da shi kansa babban bankin, kuma da yen aka ci shi, ba da dala ba. Ƙasar tana da masana'antun da za su iya samar da kaya fiye da yadda ake buƙata, jama'arta kuma suna tsufa suna raguwa, tsoho kuwa ajiya ya fi yi a kan saye. Saboda haka kuɗin da aka kwararo sun kwanta a bankuna da kasuwar hannun jari, ba su fita suna farautar shinkafa a kasuwa ba. Duk ƙasar da ke shigo da abinci da mai da dalar da ba ta da ita, idan ta kwaikwayi wannan dabara, ta kira wa kanta ruwa.

Injiniya Nasiru:
Ina neman izinin manya in sa baki, domin na zauna a can shekara uku, kuma gani ya kori ji. Na je ne ta shirin karatun matasan Afirka da Abe ya sanar a taron TICAD, wato taron Japan kan raya ƙasashen Afirka, na Yokohama a 2013, wanda aka ce zai kai matasa 1,000 cikin shekara biyar su yi digiri na biyu tare da samun horo a kamfanoni, don haka a sani cewa na ci gajiyar mutumin, ba zan ɓoye ba. Abin da na gani shi ne aiki ya yi yawa har ana neman ma'aikata ruwa a jallo. Abokan karatuna Japanawa tun kafin su kammala kamfanoni suke rige-rigen ɗaukarsu, alhali yayyensu da suka gama a ƙarshen shekarun 1990 da yawansu har yau ba su samu aikin dindindin ba. Wannan ne ya sa matasa da dama suka riƙa zaɓen jam'iyyarsa, ba don aƙida ba. Amma a shagunan unguwarmu, yawancin masu aiki matan aure ne da tsofaffi da ɗalibai baƙi irina, ana biyanmu da awa. Mata kimanin miliyan 3 sun shiga aiki a zamaninsa, gaskiya ne, sai dai fiye da rabin matan da ke aiki na wucin gadi suke yi, kuma alkawarin da ya yi cewa kashi 30 na manyan muƙamai za su koma hannun mata kafin 2020 bai ko kusa cika ba. Haihuwa kuwa a 2016 ta faɗi ƙasa da miliyan ɗaya a shekara, kuma ba ta sake komawa ba.

Alhaji Tanko:
Malam Habibu, na karanta buɗewarka sau biyu, kuma ina ganin ma'aunin da ka ɗauko ne ke da gyara. Ba a auna shugaba da burinsa kaɗai, domin da haka ne, wanda bai yi burin komai ba shi zai fi kowa cin jarrabawa. Na yi aikin gwamnati shekara talatin da biyar, na san abin da ke samun ma'aikata idan kowace shekara aka sauya mai gida: kowa sai ya rufe fayil ya jira na gaba. Daga 2006 zuwa 2012 Japan ta yi firaminista shida, wato shi Abe, da Fukuda, da Aso, da Hatoyama, da Kan, da Noda, kuma a cikin wannan ruɗani ne girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta 2011 da hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima suka same ta. A 2010 Sin ta sha gabanta a girman tattalin arziki. Wanda ya zo ya tsayar da wannan juye-juye ya yi aiki ko da bai ƙara komai ba, balle ga shi ya ƙara. Lokacin da Trump ya fitar da Amurka daga yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen tekun Fasifik a Janairun 2017, kowa ya ɗauka ta mutu, Abe ne ya tattaro sauran ƙasashe 11 suka sa hannu a Santiago a Maris ɗin 2018, yanzu har Ingila ta shiga. Ya ƙulla wata da Tarayyar Turai da ta fara aiki a Fabrairun 2019. Ƙawancen nan na ƙasashe huɗu da Amurka da Indiya da Ostareliya tun hawansa na farko a 2007 yake tallarsa, kuma manufar nan ta buɗaɗɗen yankin tekun Indiya da Fasifik, wadda Amurka ta ara ta mai da tata, a Nairobi ya bayyana ta a Agustan 2016, a taron TICAD na farko da aka yi a Afirka. Yaushe rabon da Japan ta kawo shawara Amurka ta bi?

Barista Zainab:
Baba Alhaji, ban ƙi ta taka ba a kan ciniki, amma ina so mu tsaya a kan kundin tsarin mulki, domin a nan ne nake ganin Malam Habibu ma bai faɗi abin daidai ba. Ya ce Abe ya kasa gyara shi. A rubuce haka ne, tun da kundin ya fara aiki a 1947 ba a taɓa sauya masa ko harafi ba. Amma a aikace Abe ya samu abin da yake so ta ƙofar baya, kuma wannan ne ya fi damuna. Sashe na 9 ya ce Japan ta yafe yaƙi a matsayin hanyar warware rikici tsakanin ƙasashe, kuma shekara da shekaru gwamnatoci suna fassara shi da cewa Rundunar Kare Kai, wato sojojin ƙasar, za ta iya kare Japan ne kawai, ba za ta iya yaƙi don kare ƙawa ba. Hanyar gyara a bayyane take: kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, sannan ƙuri'ar raba gardama. Abe bai bi ta ba. A Agustan 2013 ya ɗauko wani jami'in diflomasiyya mai ra'ayi irin nasa, Ichiro Komatsu, ya ɗora shi a kan ofishin da ke fassara wa gwamnati doka, saɓanin al'adar ɗaukar na cikin gida. A Yulin 2014 majalisar ministoci ta sauya fassarar, a Satumban 2015 aka zartar da dokokin tsaro duk da dubban mutanen da suka yi dafifi a ƙofar majalisa. A watan Yunin shekarar an gayyaci masana kundin tsarin mulki uku gaban kwamitin majalisa, dukkansu suka ce dokokin sun saɓa wa kundin, har da Yasuo Hasebe wanda ɓangaren gwamnati ne ya gayyato shi. Bayan zaɓen 2016 masu son gyara sun samu kashi biyu cikin uku a majalisun biyu, amma bai kai maganar gaban jama'a ba. Idan yana da yaƙinin suna tare da shi, me ya hana?

Alhaji Tanko:
'Yata, ki duba unguwar da Japan take zaune. A 2017 Koriya ta Arewa ta harba makamai masu linzami sau biyu ta saman tsibirin Hokkaido, jiragen ruwan Sin kuma ba sa rabuwa da kewayen tsibiran Senkaku da Sin da Japan ke taƙaddama a kansu. Ƙasar da take jira Amurka ta zubar da jinin 'ya'yanta dominta, ita kuma ta ce dokarta ta hana ta kare jirgin Amurka da ke gefenta, wannan ƙawance ba zai yi ƙarko ba. Kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: kakansa Nobusuke Kishi ya sabunta yarjejeniyar tsaro da Amurka a 1960, zanga-zanga ta ci kujerarsa, ga shi har yau a kan wannan yarjejeniya tsaron ƙasar yake tsaye. Babu gwamnatin da ta biyo bayan Abe da ta soke dokokin 2015, firaminista Kishida ma ƙari ya yi a Disamban 2022, da ya ce zai kai kuɗin tsaro kashi 2 na arzikin ƙasa.

Barista Zainab:
Baba, ban ce barazanar babu ita ba, hanyar nake ƙalubalanta. Kuma tun da ka ambaci Kishi, shi ne mutumin da aka tsare a kurkukun Sugamo bisa zargin manyan laifukan yaƙi, aka sake shi a 1948 ba tare da shari'a ba, kuma maƙwabtan Japan ba su manta ba. Da Abe ya ziyarci wurin ibada na Yasukuni a ranar 26 ga Disamban 2013, inda ake girmama matattun yaƙi har da manya 14 da ake dangantawa da manyan laifukan yaƙi, ba Sin da Koriya ta Kudu kaɗai suka fusata ba, ita kanta Amurka ta ce ba ta ji daɗi ba. Na yarda ya koyi darasi, bai sake zuwa ba sai da ya sauka, kuma a Disamban 2015 ya amince da biyan yen biliyan ɗaya saboda matan Koriya da aka tilasta wa zama a gidajen sojojin Japan lokacin yaƙi. Rushewar wannan yarjejeniya ba laifinsa kaɗai ba ne, gwamnatin Moon Jae-in ta Koriya ta Kudu ce ta rufe gidauniyar da aka kafa da kuɗin. Amma ya bar mulki dangantakar ƙasashen biyu tana cikin mummunan hali, bayan takunkumin da ya sa wa wasu sinadaran haɗa kayan lantarki da ake kai wa Koriya ta Kudu a Yulin 2019.

Malam Habibu:
Alhaji, na karɓi gyaranka a kan yarjejeniyar ciniki, wannan nasa ne, ba na ja. Amma a saka Rasha a ɗaya gefen sikelin. Rikicin a kan tsibirai huɗu ne da Rasha ke riƙe da su, Japan kuma ke cewa nata ne. Sau 27 ya gana da Putin, ya kai shi har jiharsu ta Yamaguchi a Disamban 2016, ya yi masa tayin ayyukan haɗin gwiwa, a Singafo a 2018 ya yarda a koma kan sanarwar 1956 wadda ta ambaci mayar wa Japan tsibiran Shikotan da Habomai kawai, wato a aikace ya sassauto daga tsibirai huɗu zuwa biyu. Abin da ya samu shi ne a 2020 Rasha ta rubuta a kundinta cewa haramun ne a ba da ko taƙi ɗaya na ƙasarta. Sannan kwanciyar hankalin da kake yabo tana da nata farashi. A 2014 ya kafa ofishin da ya mayar da naɗin manyan jami'ai kimanin 600 hannun fadar firaminista, daga nan kowane babban sakatare ya san inda abincinsa yake. A Toyonaka ta jihar Osaka an sayar wa makarantar Moritomo, wadda matarsa Akie ta karɓi muƙamin shugabar girmamawa a cikinta, filin gwamnati na yen miliyan 956 a kan miliyan 134. A Fabrairun 2017 ya ce a majalisa idan aka samu hannunsa ko na matarsa zai bar mulki, daga baya Ma'aikatar Kuɗi ta amsa cewa an sauya takardu 14, an goge sunan matar. Ma'aikacin da aka tilasta wa yin gogewar ya kashe kansa a Maris ɗin 2018. Ba a gurfanar da jami'i ko ɗaya ba, ministan kuɗi Taro Aso ma bai motsa daga kujerarsa ba.

Alhaji Tanko:
Allah ya kyauta, wannan mutuwa abin takaici ce. Amma a yi adalci, Malam, babu takardar da ta nuna shi ya ba da umarni. Ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Injiniya Nasiru:
Baba Alhaji, ina can lokacin, kuma kalmar da ta cika gidajen talabijin a 2017 ita ce sontaku, wato na ƙasa ya hango abin da na sama yake so ya aikata tun ba a furta ba. Abin da abokaina Japanawa suke cewa shi ne, rashin umarnin ma shi ne abin tsoro, domin idan ciyar da bafade gaba da korarsa duk suna hannun sarki, to ba sai sarki ya buɗe baki ba. An sake ganin haka a bikin kallon furanni da firaminista ke shiryawa da kuɗin gwamnati, wanda aka cika da magoya bayansa daga mazaɓarsa: ranar da ɗan majalisar adawa ya nemi takardun a Mayun 2019, a ranar aka niƙe jerin sunayen baƙin. Daga baya ofishin binciken majalisa ya ƙirga amsoshi 118 da Abe ya bayar kan liyafar jajiberin bikin waɗanda suka saɓa wa gaskiya, aka ci sakatarensa tarar yen miliyan ɗaya, shi kuma ya nemi afuwa.

Barista Zainab:
Akwai kuma abin da bai fito fili ba sai bayan rasuwarsa. An harbe shi a birnin Nara ranar 8 ga Yulin 2022 yana jawabin yaƙin neman zaɓe, yana da shekara 67, da bindiga ƙirar hannu, a ƙasar da kisa da bindiga abu ne da ba a saba gani ba. Babu abin da zai halatta wannan ta'asa. Sai dai wanda ya yi harbin ya ce mahaifiyarsa ta talauta gidansu da kyautar kimanin yen miliyan 100 ga Cocin Haɗin Kai na Sun Myung Moon, kuma ya ga saƙon bidiyo da Abe ya aika wa taron wata ƙungiyar cocin a 2021. Da LDP ta binciki kanta, 179 daga cikin 'yan majalisarta 379 aka samu suna da wata alaƙa da cocin. Wannan na cikin abin da ya sa jana'izar ƙasa da aka yi masa ranar 27 ga Satumba, irin wadda rabon da a yi wa tsohon firaminista tun ta Shigeru Yoshida a 1967, ta raba kan jama'a. A ƙarshen 2023 kuma aka gano ɓangaren jam'iyyar da ya jagoranta ya daɗe yana ɓoye kuɗin tikitin liyafar tara gudummawa, har ɓangaren ya yanke shawarar rushe kansa a 2024.

Dakta Rabi:
Malam Habibu, kafin a tashi ina so in gyara abu ɗaya a lissafinka na farko. Kashi 2 ɗin nan ya zo, amma a 2022, kuma ba ta hanyar da aka tsara ba, tsadar mai da abinci daga waje da raunin yen ne suka kawo shi. Sai a Maris ɗin 2024 magajin Kuroda, Kazuo Ueda, ya fitar da kuɗin ruwa daga ƙasa da sifili, a shekarar kuma dala ta taɓa yen 160. Babban bankin yana riƙe da kimanin rabin takardun bashin gwamnati, ga tarin hannun jari da ya saya, kuma duk ƙarin da ya yi wa kuɗin ruwa yana ƙara wa gwamnati nauyin biyan bashi. Alhaji, ina so in ji ta bakinka a nan: idan wannan nauyi ya faɗo a kan wani firaminista nan da shekara goma, a littafin wa za ka rubuta shi?